Kasuwanni da baje koli a Nijar: inda mai sana'ar hannu da manomi za su kai kayansu

Baduku ya gama ɗinkin takalma, mai kilishi ta shanya nama, manomi ya cika buhunan albasa. Abin da ya rage shi ne wurin da za a kai kayan su yi daraja. Da yawa daga cikin ƙananan masu sana'a suna jin labarin baje koli ne ranar da aka nuna buɗe shi a talabijin, lokacin da an riga an raba rumfuna. Wasu kuma sukan biya kuɗin mota da na rumfa su tafi Yamai, su dawo da rabin kayansu da bashi a wuya. Rumfa ana neman ta ne watanni kafin ranar, ta ƙofar da ta dace, bayan an yi lissafi. Ga bayanin wuraren da ake da su, lokutansu, da yadda ake shiga.

Kasuwannin mako

Nan ne matakin farko, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi. Kusan kowane gari yana da ranar da kasuwarsa ke ci. Babbar kasuwar Maraɗi tana cika Litinin da Juma'a. A Damagaram ranar Alhamis ce, a Mirya da Tawa ranar Lahadi, a Birnin Ƙonni ranar Laraba. A kewayen Yamai, Baleyara tana ci ranar Lahadi, ta yi suna wajen dabbobi, Bubon kuma ranar Laraba, ta yi suna wajen tukwane.

Shiga irin wannan kasuwa ba ya bukatar wata doguwar takarda. Ma'aikatan magajin gari suna zagayawa suna yankar tike, wato kuɗin zama na ranar. Amma wurin zama yana da masu shi. Kowane kaya da layinsa, kowane layi da shugabansa, kasuwar kuma da sarkinta. Baƙo ya fara zuwa hannu rabbana sau ɗaya, ya ga layin da irin kayansa suke, ya ji farashi da safe da kuma bayan la'asar, ya gaida shugaban layin, sa'an nan ya dawo da kaya mako mai zuwa. Zuwa da kai ya fi aike. Direbobin motocin kasuwa a tasha su ma sun san jerin ranakun ƙauyukan yankinsu kaf, domin da shi suke aiki. Mai neman kasuwa biyu ko uku da zai riƙa bi a mako ya tambaye su.

Kasuwannin sari na amfanin gona

Wanda kayansa na buhu ne ba zai zauna yana awo da tiya ba. A jahar Maraɗi an gina kasuwannin sari na hatsi a Tasawa, Sabon Mashi da Jiratawa, inda manyan ƴan kasuwa ke zuwa da motoci. A jahar Tawa akwai wuraren cinikin albasa a yankin Galmi, Madawa da Tsarnawa. A irin waɗannan wurare ciniki yana bi ta hannun dillali, saboda haka a san ladansa da nauyin buhun da ake magana a kai kafin a sauke kaya.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Gero da wake suna araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, su tashi idan damina ta gabato. Albasa tana faɗuwa lokacin cirar ta a watannin Maris da Afrilu, ta yi tsada bayan watanni ga wanda ya iya ajiya. Hukumar SIMA tana fitar da farashin kayan gona na kasuwannin ƙasar, SIM Bétail kuma na dabbobi. Duba su kafin ɗaukar hanya yana hana a kai kaya inda suka fi araha fiye da gida.

Manyan baje koli na Yamai

SAFEM shi ne baje kolin ƙasa da ƙasa na sana'o'in hannu na mata. An fara shi a shekarar 2000, ana shirya shi duk bayan shekara 2, galibi tsakanin ƙarshen Nuwamba da Disamba. A kowane karo ana zaɓen jaha ɗaya da za a ba fifiko, kuma matan wannan jaha su ne suka fi samun kulawa a shekarar. Masu turaren wuta, saƙa, ɗinki, kayan fata, sabulu da abincin da aka sarrafa duk suna da wuri a nan.

Salon SAHEL shi ne na noma, kiwo, ruwa da muhalli. An fara shi a 2014, kuma RECA, wato haɗin gwiwar cibiyoyin manoma na jahohi, tana cikin masu shirya shi. An saba yin sa a zauren Palais du 29 Juillet wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, daidai lokacin da kayan lambu suka wadata. Masu iri, man gyaɗa, cuku, zogale, riɗi, aya da garin tattasai nan ne dandalinsu.

Manoman lambu na jahar Agadas kuma sukan sauko Yamai lokacin sanyi da dankali, albasa, tafarnuwa da lemun Timiya, su yi nasu baje kolin. Misali ne mai kyau: manoman da ke nesa da babban birni da kusan kilomita 1,000 sun haɗa kai sun ɗauki mota ɗaya, sun sayar kai tsaye ga mai ci. Watan Oktoba kuma ƙasashen UEMOA sun keɓe shi don ƙarfafa sayen kayan gida, kuma akan shirya ƙananan baje koli a cikinsa.

Ranakun waɗannan taruka suna iya gusawa, wani karo ma a ɗage su. Kada a sayi kayan aiki da bashi sai an ga sanarwar masu shiryawa.

Bukukuwan da ke tara jama'a

Kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jahohi 8 na ƙasar, kuma a shekarun nan akan yi ta wajen ƙarshen Disamba. Kwanakin da take ɗauka gari yakan cika da baƙi, a kafa rumfuna kewaye da filin. Bikin makiyaya na Ingal, da ake kira Cure Salée, yana zuwa a watan Satumba, kuma ya dace da maƙeran azurfa da dukawa. Mai niyyar zuwa arewa ya fara tambayar hukumomi halin da hanya take ciki.

Sai kasuwar salla. Makonni kaɗan kafin ƙaramar salla na masu takalma, huluna, ɗinki da turare ne. Kafin babbar salla kuma na masu raguna, wuƙaƙe, tabarmi da kayan yaji. Tunda watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a ƙirga baya daga ranar salla a san lokacin fara aiki.

Ta wace ƙofa ake shiga

A manyan baje koli, yawancin rumfunan da ake ba jahohi suna bi ne ta hannun ƙungiyoyi. Wanda ba ya cikin kowace ƙungiya sai dai ya biya cikakken kuɗi, in ma an bar masa wuri.

Mai sana'ar hannu ya nufi CMANI, cibiyar masu sana'ar hannu ta ƙasa, wadda ke da rassa a jahohi, ya yi rajista ya karɓi katin sana'a. Manomi da makiyayi da mai sarrafa abinci su nufi cibiyar manoma ta jaharsu, wato CRA. Ɗan kasuwa mai shago ya nufi ofishin CCIN. A bar lambar waya a can, a riƙa leƙawa, musamman watanni 2 ko 3 kafin lokacin da aka saba yin taron. Sanarwa tana fitowa a Muryar Sahel, a gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara, a jaridar Le Sahel, da shafukan Facebook na masu shiryawa. Zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin sana'a sukan riga kowa ji.

Duk wanda ya kira ya ce a tura masa kuɗin rumfa ta waya, a tabbatar da shi a ofishin masu shiryawa tukuna. A biya a karɓi takardar shaidar biya mai hatimi, wadda ta nuna girman rumfar da yawan kwanaki. A kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da tebur, kujera, wuta da gadin dare.

Takardu da kwalliyar kaya

Katin ɗan ƙasa da katin sana'a ko takardar amincewa da ƙungiya sun isa a yawancin wurare. Mai son sayar wa manyan shaguna ko ma'aikatu zai bukaci lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM, waɗanda ake yi a Maison de l'Entreprise. Mai abincin da aka sarrafa ya nemi shaidar inganci daga hukumar ANMC.

Kowane ƙunshi ya ɗauki sunan kayan, abin da aka haɗa shi da shi, ranar da aka yi shi, ranar da zai lalace, da lambar wayar mai shi. Idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Kilishin da ke cikin leda mai tsabta da rubutu shi ake saye a kai tsaraba ƙetare, ba wanda aka naɗe a takardar siminti ba.

Lissafi kafin biyan rumfa

Ga misali na koyon lissafi kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce rumfa jika 50 ce, mota da dakon kaya zuwa da dawowa jika 30, masauki da abinci na kwana 10 jika 30, leda da rubutun kaya jika 10. Jimla jika 120. Idan ribar kowane takalmi jika ɗaya da rabi ce, sai an sayar da ƙafa 80 kafin a mayar da abin da aka kashe, wato 8 kowace rana. Idan mutum 4 suka raba rumfar, kuɗin kowa ya sauko zuwa jika 82 da rabi, ƙafa 55 ta isa.

Wanda bai taɓa sayar da 8 a rana a kasuwar garinsu ba, ya raba rumfa da wasu, ko ya ba wakilin ƙungiya kaya kaɗan a gwada. A kai kaya masu farashi hawa-hawa, domin yawancin masu yawo a baje koli ƙaramin abu suke saye. A tanadi canji, a kuma buɗe asusun waya irin Airtel Money ko NITA saboda masu biya ta waya.

Ƙetaren iyaka

SIAO na Wagadugu, da aka fara a 1988, yana cikin manyan baje kolin sana'ar hannu a Afirka, ana yin sa duk bayan shekara 2. Akwai FIARA a Dakar na kayan noma da kiwo. Ga mutanen Maraɗi da Damagaram kuma baje kolin Kano na ƙarshen shekara ya fi kusa, sai dai ciniki da naira ake yi, kuma canji yana iya cinye riba. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, a tambayi ƴan duwan ƙa'idar da ke aiki kafin a yi lodi. Gwamnati kuma takan hana fitar da hatsi, kamar yadda ta yi a watan Oktoban 2024. Tafiya cikin tawagar ƙungiya ta fi sauƙi a bakin iyaka.

Bayan an tashi

A riƙe littafi tun ranar farko: abin da ya fita, abin da aka taya aka bari, da lambar duk wanda ya tambayi farashin sari. Mai shago ɗaya da zai riƙa yin oda duk wata ya fi cinikin kwana 10. A kira waɗannan mutane cikin makon da aka dawo, tun ba su manta ba, a aika kaya ta motocin tasha a kan lokacin da aka yi alkawari. Kafin a bar filin kuma a tambayi masu shiryawa yaushe za a buɗe rajistar karo na gaba, a rubuta ranar a shafin farko na littafin.