Amana, Ƙana'a da Kamun Kai: Koyarwar Konfushiyas, Tao da Buda a Ma'aunin Kasuwar Duwala

Wanda ya zaga Marché Central ta unguwar New Bell a Duwala zai tarar da kayan Sin a ko'ina, daga takalma zuwa kwanuka da fitilu. Wasu 'yan kasuwarmu na yin sari a shagunan Sinawa da ke Akwa, wasu kuma kan je Guangzhou da kansu su ɗauro kwantena. Tun 1971 Kamaru ke da hulɗar jakadanci da Sin, a 2007 kuma aka buɗe Cibiyar Konfushiyas a Jami'ar Yawunde ta Biyu. Duk da haka mun san farashin hajar Basine fiye da tarbiyyar da ta rene shi. Wannan maƙala tana ganin cewa sanin koyarwa uku da suka gina tunanin Sin ilimin mu'amala ne da ɗan kasuwa Bahaushe ke buƙata, domin dukkansu sun tsaya kan matsalar da kasuwa ke tayarwa kullum: yadda za a ɗaure son zuciya.

Konfushiyas, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin Miladiyya a ƙasar Lu, ya nemi maganin a cikin zaman tare. Ginshiƙansa su ne jinƙan ɗan'adam, ladabi, biyayya ga iyaye da cika alkawari. A littafin Lunyu, almajirinsa Zigong, wanda shi kansa attajiri ne, ya tambaye shi abin da mulki ke tsayuwa a kai. Malamin ya lissafa abinci da makamai da yardar jama'a, ya kuma fifita yarda a kan sauran biyun. Bahaushen Duwala ba baƙo ba ne ga wannan. Fataucin goro da shanu ya daɗe yana tafiya a kan bashin da babu takarda, tsakanin fatoma da dillali da baƙon da ya sauka. A laccarsa da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya sanya gaskiya da amana da kunya da ladabi cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, kuma sun yi kusa ƙwarai da kamilin mutum na Konfushiyas.

Koyarwar Tao ta bi wata hanyar. Littafin Daodejing mai babi 81, wanda ake jingina wa Laozi, yana ganin yawan ƙa'idoji alama ce ta lalacewar ɗabi'a. Yana koyar da barin tilasta wa al'amura, yana buga misali da ruwa, mai neman gangare amma yana cinye dutse. Ɗan kasuwar da ya ƙi zuba duk jarinsa a haja ɗaya don ɗokin riba ya san ma'anar wannan, ko da a kan karin maganarmu kaɗai ya dogara: zafin nema ba ya kawo samu.

Buda kuwa, wato Siddhartha Gautama da aka haifa a Lumbini ta Nepal ta yau, ya tono jijiyar abin. Gaskiya huɗu da ya koyar sun ce rayuwa na tattare da wahala, tushenta kwaɗayi ne, ana iya kashe shi, kuma hanyar tana da rassa takwas. Ɗaya daga cikinsu shi ne sana'a mai tsabta, inda ya hana mabiyansa cinikin makamai, mutane, nama, kayan maye da guba. A nan mahaucin New Bell zai ja da baya, domin abin da Musulunci ya halatta masa ne aka haramta.

Wannan saɓani yana nuna iyakar kwatancen. Buda bai koyar da Mahalicci ba, ya kuma yarda da sake haihuwa bayan mutuwa. Konfushiyas bai cika magana kan lahira ba. Amanar Musulmi tana da hisabi a gabanta, don haka tushen ya bambanta ko da 'ya'yan itacen sun yi kama. Haka nan ba kowane Basine a Akwa ke bin waɗannan koyarwa ba, tunda juyin al'adun Sin na 1966 zuwa 1976 ya yaƙe su da gaske. Abin da ya saura galibi ɗabi'a ce: girmama na gaba, kare mutunci a bainar jama'a, da fifita tsohon abokin ciniki.

Musulmin Sin sun riga mu fuskantar wannan saɓani tsakanin Musulunci da waɗannan koyarwa. Liu Zhi, malamin Nanjing a farkon ƙarni na 18, ya bayyana Musulunci da kalmomin Konfushiyas bai saki tauhidi ba. Haka ma a kasuwa, fahimtar juna ba ta buƙatar barin aƙida: ɗan kasuwar Marché Central da ya fahimci dalilin da ya sa abokin cinikinsa Basine ke ƙin a kunyata shi gaban yaransa zai iya warware rikicin bashi a keɓe, kamar yadda fatoma ke yi tun zamanin ayari.