Jinyar damuwa ta hanyar zantawa: Ma'anarta, asalinta a Najeriya da darasin Jos

Jinya ta hanyar zantawa wata hanya ce ta kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, inda mai fama da damuwa, fargaba ko firgicin wani bala'i yake zama da ƙwararre lokaci bayan lokaci, yana fayyace abin da ke ransa cikin sirri. Ƙwararren kan kasance likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko ma'aikacin lafiya da aka horar. Wani lokaci akan haɗa ta da magani, wani lokaci kuma zantawar kaɗai takan wadatar.

Yadda take aiki

Masana sun daɗe da lura cewa dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin majinyaci da mai jinya tana cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi. A shekarar 1957, masanin nan na Amurka, Carl Rogers, ya bayyana cewa mutum yakan sauya idan ya samu mai saurarensa da gaskiya, ba tare da ƙyama ko yanke masa hukunci ba. Shi kuwa John Bowlby na Ingila ya nuna cewa shaƙuwar yaro da mai renonsa ita ce tubalin yadda zai amince da mutane idan ya girma. Wanda aka ci amanarsa yakan daina yarda da kowa, kuma yakan sake koyon yardar ne a hannun wani mutum da ya riƙe masa amana.

Tunanin ba baƙo ba ne a tarihin Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke zuwa ba dalili, ya kuma ba da shawarar gyara tunani da zama cikin mutane.

Asalinta a Najeriya

A shekarar 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro da ke Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata, sai aka riƙa saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da 'yan uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, daga baya Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Darasin Jos

Birnin Jos ya fuskanci rikice-rikice a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da kuma farkon 2010, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan haka unguwanni da dama sun rabu bisa addini, maƙwabtan jiya suka koma jin tsoron juna. Raunin da irin wannan yake bari bai tsaya a jiki ba. Akwai rashin barci, da mugayen mafarkai, da razana idan an ji ƙara, da gudun wuraren da abin ya faru.

Da yake zumunci ne ya karye, yawancin ƙoƙarin gyara ta hanyarsa ya bi. A yankin Kwang da ke kusa da Rayfield, Akbishop Ignatius Kaigama, wanda ya jagoranci cocin Katolika a Jos daga 2000 zuwa 2019, ya kafa cibiyar DREP domin tattaunawa da sulhu, inda shugabannin addini, sarakuna, mata da matasa ke zama wuri guda. A 2016 kuma gwamnatin Simon Lalong ta kafa hukumar wanzar da zaman lafiya ta Jihar Filato. Zaman sulhu ba jinyar asibiti ba ne, amma ginshiƙinsu ɗaya: a saurari mutum a inda yake jin ba abin da zai same shi.

Matsayin addini

Mafi yawan 'yan Najeriya sukan fara kai kukansu ga malami ko fasto kafin su tunkari asibiti. Addu'a, ta'aziyya, ziyarar mara lafiya da jam'in ibada suna rage kaɗaici, suna kuma taimaka wa wanda ya yi rashi ya jure. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya gano cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya.

Sai dai akwai iyaka. Damuwa cuta ce, ba alamar raunin imani ba. Ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa cin zarafi ne, kamar yadda aka gani a Rigasa da ke Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka ceto mutane fiye da 300 daga wani gida. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, aka kuma sanar a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin dokar 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙi da mutuncin majinyata.

Inda ake neman taimako

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka nan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri. Likitoci na ba da shawarar a nemi ƙwararre idan baƙin ciki, rashin barci ko ƙauracewa mutane sun kai mako biyu suna hana harkokin yau da kullum. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.