Idan Na'ura Ce Ke Tace Masu Neman Aiki: Abin da Ya Kamata Mutanen Sabon Ibadan Su Sani

Yaro ya cike fom ɗin neman aiki ta intanet, ya ɗora takardunsa, ko shayin da ke gabansa bai huce ba sai ga saƙo wai bai dace ba. To wa ya karanta takardun nan cikin minti biyar? Sau da yawa amsar ita ce babu ɗan Adam ɗin da ya gan su. Manhaja ce ta tace. Na tattara a nan yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki, inda suka taɓa cutar da mutane, da abin da dokar Najeriya ta tanada, domin iyaye da matasa su riƙa komawa kansa idan buƙata ta taso.

Mece ce wannan na'ura

Ba iri ɗaya ba ce. Mafi sauƙi ita ce rariya kawai: kamfani ya ce shekaru kada su wuce kaza, digiri kada ya gaza mataki kaza, duk wanda bai cika ba ya faɗi. Wannan ba ta da wata basira, umarni take bi. Ta biyu ita ce ake kira ƙirƙirarriyar basira: ana ɗura mata takardun dubban mutanen da kamfani ya taɓa ɗauka, ta koyi kamanninsu, sannan ta riƙa ba sababbin masu nema maki gwargwadon kamar da suka yi da na baya. Ta uku kuma ita ke yin intabiyu: ka zauna gaban waya kana amsa tambayoyi, ta mayar da maganarka rubutu, ta auna, ta ba ka maki.

Ba zan ce kamfanoni ba su da hujja ba. Masu nema sun yi yawa. Wanda ya tuna 15 ga Maris, 2014, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan Hukumar Shige da Fice, ya san abin da nake nufi: mutum fiye da 500,000 suka nemi gurbin da bai kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi a filayen wasa, mutum fiye da 15 suka rasu. Tace takardu ta intanet ya fi wannan nesa ba kusa ba. Kuma manhaja ba ta karɓar na goro, ba ta san ɗan wane ba. Sai dai fa duk son ran da ke cikin tsofaffin takardun da aka koya mata, da shi take tashi.

Abubuwan da suka riga suka faru

A watan Oktoba na 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tace masu neman aiki da ya fara ginawa a 2014. An koyar da ita da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara 10, akasarinsu na maza. Sai ta ɗauka namiji shi ne ma'aikacin ƙwarai, ta riƙa rage makin takardar da kalmar "mata" ta fito a ciki, ko da kyaftin ɗin ƙungiyar wasa ta mata ce. Babu wanda ya ce mata ta yi haka. Ita ta gano da kanta.

Na kamfanin iTutorGroup ya fi muni, don shi da gangan ne. An saita manhajar ta kori mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama. Asirin ya tonu ne da wata mai nema ta sake tura takardunta da ranar haihuwa ta ƙaramin shekaru, sai aka kira ta intabiyu. A 2023 kamfanin ya amince ya biya dala 365,000 ga mutum fiye da 200 bayan hukumar daidaiton ɗaukar aiki ta Amurka ta kai shi kotu.

Batun suna shi ya fi tsaya min a rai. Masu bincike a Jami'ar Washington sun gwada wasu manhajoji a 2024: takarda iri ɗaya, suna kawai ake canzawa. Sunayen da aka sani da farar fata su suka yi gaba a kashi 85 cikin 100 na gwajin. Ta ɓangaren murya kuma, binciken Jami'ar Stanford na 2020 ya nuna manhajojin mayar da magana rubutu na manyan kamfanoni biyar suna kuskuren kusan kalma 35 cikin 100 idan baƙar fatar Amurka ke magana, 19 kuma idan farar fata ne. Ka ga mutanen da Ingilishi ne harshen uwarsu ke nan. Ina ga yaron da ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji?

Inda abin ya shafe mu

Sabo ta kafu a 1916, kuma tun can neman aiki a nan da lamuni yake tafiya. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a kanta a 1969, ya yi bayanin yadda maigida ke sauke fatake, ya haɗa su da dillalai, a ba mahautan Yarbawa shanu bashi shi kuma ya tsaya a kai. Wanda zai shiga harkar shanu ko goro, sai wani ya ce na san shi, na san ubansa. Tsarin yana da aibinsa, wanda ba shi da kowa yakan daɗe a bakin layi. Amma idan an hana ka, ka san wanda ya hana ka, kana iya tura dattijo ya yi magana. Manhaja ba ta da zaure. Wannan shi ne babban bambancin, kuma shi ne dalilin da ya sa doka ta shigo ciki.

Abu na farko da ke kayar da 'ya'yanmu ba ma wata basira ba ce, rubutun suna ne. Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a NIN, Muhammadu a banki. Wani sunan garin kakansa ne sunan ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan uba. Ma'aikacin da ya saba da Hausawa zai gane mutum ɗaya ne. Manhaja takan ga mutum uku, ko ta ɗauka takardar jabu ce.

Sai akwatin jihar asali. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, a cikin Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, me zai rubuta? Ya sa Oyo, a nemi takardar indijin. Ya sa Kano ko Sakkwato, ga shi duk makarantunsa na Ibadan ne, kuma can ma sai ya nemo wanda zai shaida shi. Wannan tsohon ciwo ne da ya riga kwamfuta zuwa, amma a gaban mutum ana iya bayani, fom kuwa akwati ɗaya ya bayar.

Ko an cire ƙabila da addini daga fom, ba a tsira ba. Adireshin Sabo kaɗai ya isa ya faɗi ko kai wane ne. Haka sunan makarantar Islamiyya, haka hoton mace da hijabi. Idan kamfani bai taɓa ɗaukar mutane masu irin waɗannan alamomi da yawa ba, manhajar da ta koya daga tarihinsa tana iya mayar da su baya, kuma shi kansa mai kamfanin bai sani ba. Haka nan takardar NBAIS ta karatun Larabci da addini: idan ba a sa ta cikin jerin da manhaja ta sani ba, kamar babu ita ne. Saurayin da ya yi shekara shida yana riƙe lissafin miliyoyi a wurin 'yan canji kuwa, ƙwarewarsa ba ta da takarda, ita kuma na'ura takarda take ci.

Abin da doka ta ce

Makamin da ya fi kusa da hannu shi ne Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kuma kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Sashe na 37 ya ba mutum 'yancin kada a yanke masa hukunci mai nauyi a rayuwarsa ta hanyar na'ura zalla. Akwai togaciya: idan hakan ya zama dole wajen ƙulla yarjejeniya, ko wata doka ta ba da izini, ko mutum ya amince da kansa. Nan fa ake kama mu, don akwatin "na amince" ɗin nan da muke dannawa ba karantawa, amincewa ce. Duk da haka, ko an shiga togaciyar, sashen ya bar maka abu uku: ka nemi ɗan Adam ya duba, ka faɗi ta bakinka, ka ƙalubalanci hukuncin.

Dokar ta kuma wajabta a sanar da kai idan na'ura ce ke yanke hukunci, ta ba ka damar ganin bayananka da gyara kuskure, ta sa ƙabila da addini da lafiya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Tara ga manyan masu riƙe bayanai tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana, naira miliyan 2 ko kashi 2.

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda ƙabila, wurin asali, jinsi ko addini, amma lafazinsa ya fi fuskantar doka da aikin gwamnati. Rikicin wariya a wurin aiki, Sashe na 254C ya miƙa shi ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Ibadan.

Wasu wuraren sun wuce mu. Birnin New York tun Yulin 2023 ya tilasta a riƙa binciken son rai a irin waɗannan manhajoji duk shekara, a wallafa sakamakon. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024 ta sa manhajojin ɗaukar aiki cikin rukuni mai babban haɗari, ta kuma haramta amfani da na'ura wajen karanta yanayin zuciyar mutum a wurin aiki. Mu a nan, ma'aikatar Dakta Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a Agustan 2024, amma tsari daban, doka mai haƙora daban. A ganina abin da ya fi dacewa mu ara shi ne na New York, da gyara ɗaya: a auna da Sani da Segun da Chinedu, don a nan ba launin fata ne ke raba mu ba.

Mu ma muna ɗaukar ma'aikata

Akwai masu makarantu da manyan shaguna da kamfanonin sufuri a cikinmu, kuma na ji wasu sun fara zuba takardun masu nema a ChatGPT suna cewa ya zaɓo musu biyar. Alhaji, takardun nan amana ce, ɗauke suke da lambobin waya da adireshin 'ya'yan mutane, kuma dokar 2023 ba ta ware ka ba don kana ƙarami. In har za ka yi, cire suna da hoto da adireshi, ka gwada takarda ɗaya da suna biyu ka ga ko makin zai canza, sannan ka duba waɗanda ta zubar da idonka. Idan aka zalunci wani, ba manhaja za a tambaya ba.

Ga mai nema

A fara da daidaita suna da ranar haihuwa a NIN da BVN da takardun makaranta, ko da sai an yi rantsuwar kotu. Takardar CV ta zama rubutun kwamfuta ne tsantsa, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya ba, don manhaja takan kasa karanta hoto. A yi amfani da kalmomin da ke cikin tallar aikin in dai gaskiya ne, aikin kasuwa kuma a rubuta shi da sunan da ofis ya sani: riƙe lissafi, kula da kaya, hulɗa da abokan ciniki. Intabiyun bidiyo a nemi ɗaki mai haske, nesa da ƙarar janareto. Kada a ba kowa lambar sirri ta banki ko kuɗin fom saboda wani saƙon WhatsApp.

Idan saƙon kora ya zo da saurin da ya nuna ba mutum ne ya duba ba, a adana hoton tallar da fom ɗin da saƙon tare da lokacinsa. A rubuta wa kamfanin gajeriyar wasiƙa ta imel, a ambaci Sashe na 37, a tambaya ko na'ura ce ta yanke hukuncin, a nemi ma'aikaci ya sake dubawa. In sun yi shiru, Sashe na 46 ya ba da damar kai ƙorafi ga NDPC, tare da kwafin wasiƙar da duk abin da aka adana.