Tausar Tafin Ƙafa: Tarihin Takardun Shaida Iri Biyu a Japan

Mai karatu, idan kana cin kasuwannin Dambatta ko Bichi, wataƙila ka taɓa ganin mai talla ya baje hoton tafin ƙafa da aka yanka gida-gida da launuka: nan hanta, nan ƙoda, can zuciya. Yakan ce ilimi ne na mutanen Japan ko Sin mai shekaru dubbai, wani lokaci har ya ɗaga maka takardar shaida mai tambari. Sunan abin rifleksoloji. Kafin ka miƙa ƙafarka ko ta mahaifinka, ya kamata ka san inda aka haifi taswirar, da kuma darajar irin wannan takarda a ƙasar da ake jingina mata ita.

Taswirar 'yar Amurka ce. Wani likitan kunne, hanci da maƙogwaro mai suna William Fitzgerald ne ya raba jikin mutum gida 10 a tsaye, ya ce danna wani wuri na kashe zafi a wani wurin, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1917. Eunice Ingham ta ɗora a kan aikinsa, ta tattara gaɓoɓin jiki duka ta zana su a tafin ƙafa cikin littafinta na 1938. Zuwanta gabashin Asiya ma ta hannun Bature ne, wani limamin Kirista ɗan Suwizalan, Josef Eugster, wanda ya yaɗa ta a Taiwan. Daga can ta tsallaka Japan a shekarun 1980.

Abin da Japan ta gada tun kaka da kakanni wata tausa ce daban da ake kira anma, kuma tarihinta ya fi daɗin ji. Sana'ar makafi ce. Sugiyama Waichi, wanda ya rasu a 1694, makaho ne da ya ƙware a tausa da maganin tsira allura har ya zama mai yi wa shugaban ƙasar na zamanin, Tokugawa Tsunayoshi, magani. Da wannan alfarma ya buɗe makarantar koyar da makafi. Suna da ƙungiyarsu mai muƙamai hawa-hawa, wadda ta rayu har 1871. Mu ma muna da Sarkin Makafi a Kano, sai dai su can sun haɗa wa makafinsu sarauta da sana'ar hannu, abin da har yau nake ganin ya cancanci mu yi koyi da shi.

A 1911 gwamnati ta kafa ƙa'idojin ƙasa na ba da izinin yin anma. A 1947 aka yi dokar da ake aiki da ita har yanzu, wadda daga baya aka shigar da tausar shiyatsu a cikinta. Wanda yake son lasisin yau sai ya gama sakandare, ya yi aƙalla shekara 3 a makarantar da hukuma ta amince da ita yana karatun tsarin jiki da cututtuka, sannan ya ci jarrabawar ƙasa. Dokar ta kuma ba gwamnati ikon hana buɗe sababbin makarantu ga masu gani domin kada a ƙwace wa makafi abincinsu, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da wannan a 2022.

To, ina rifleksoloji a cikin wannan tsari? Ba ta ciki. Ƙofar da ta shigo ta ita hukunci ne na Kotun Ƙoli a 1960, wanda ya ce ba za a hukunta mai yin wani aiki mai kama da magani ba sai idan aikin na iya cutar da lafiya. Daga nan shagunan “hutar da jiki” suka yi ta tsirowa. Masu aiki a cikinsu suna riƙe da takardun da makarantu da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka ba su, wasu bayan watanni, wasu bayan 'yan kwanaki. Ma'aikatar lafiya ba ta sa hannu a kansu. Ka ga ke nan a Japan kanta, takardar tana shaida cewa mutum ya zauna a aji, ba ta shaida cewa yana warkar da ƙoda.

Bincike ma bai ba ta abin da dokar ta hana ta ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, bai sami hujja mai gamsarwa cewa tana maganin wata cuta ba. Daɗi kam akwai. Manomin da ya wuni a kan kunya, dugaduginsa duk faso, idan aka murza masa ƙafa da man kaɗe zai yi barci mai nauyi, kuma ba zan raina wannan ba.

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, inda gona take manne da gona kuma kowa ya san asalin kowa, muna da namu tsarin tantancewa. Wanzami da maɗori da ungozoma sun gaji sana'arsu, sun koya a gaban idon jama'a. Wanzamin da ya yi ɓarna akwai Sarkin Aska, akwai dagaci, kuma an san ƙofar gidansa. Baƙon da ya sauka da taswira ran kasuwa ya tashi da la'asar ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka ka tambaye shi wace hukuma ta ba shi izini, kuma ina za a same shi mako mai zuwa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne masu hawan jini da ciwon suga da ake ce musu su ajiye ƙwayoyinsu tunda an “buɗe” musu jijiya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. Shi kuwa mai suga da ya daɗe da ita, sau da yawa tafin ƙafarsa ya daina jin zafi, sai a danna masa sanda ko a ɗora shi kan na'ura mai zafi, fata ta ƙuje bai sani ba, ƙujewar ta zama gyambo. Haka mai kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya: yana iya zama gudan jini ne, murzawa na iya tunkuɗa shi zuwa huhu. Waɗannan biyun a kai su asibiti a duba ƙafar tukuna, kada kowa ya taɓa ta.