Wa Ke Zuwa Yaƙi, Wa Ke Biya? Yadda Tsoffin Girkawa Suke Haɗa Rundunoninsu

Yau zan ɗauke ku zuwa ƙasar Girka, shekaru kusan 2,500 da suka wuce. Duk shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Annabi Isa ne, Alaihis Salam, saboda haka lissafin baya-baya yake tafiya.

Abu na farko da nake so mu gane, a lokacin nan babu wata ƙasa guda mai suna Girka da sarki ɗaya. Birane ne ɗaruruwa, irin su Atina, Sparta, Korinti da Tibis, kowanne da dokarsa da rundunarsa. Kuma a yawancinsu babu wani mutum da sana'arsa soja. Manomin da ka gani jiya a gonarsa ta zaitun, shi ne dakaren gobe.

Shi wannan dakaren ana ce masa hoflit. Kayansa: kwalkwali na tagulla, sulke, mashi mai tsawon fiye da mita 2, gajeren takobi, sai garkuwa zagayayya ta katako da faɗinta ya kusa mita 1. To ga inda gizo ke saƙar: gwamnati ba ta ba ka ko ɗaya, da kuɗinka za ka saya. Wato aljihunka ne ke nuna inda za ka tsaya a fagen fama.

A Atina, Solon ya raba 'yan gari gida 4 a wajen shekarar 594, gwargwadon abin da gonar mutum ke bayarwa. Masu awo 500 su ne a sama. Masu 300 su ne barade, don suna iya riƙe doki. Masu 200 su ne ƙashin bayan dakaru. Na ƙasa da haka kuwa, sai dai su shiga da majajjawa ko ƙananan masu na jifa.

Yaya ake kiran mutane? A shekarar 508 Kilistinis ya sake tsara jama'ar Atina zuwa ƙabilu 10, kowacce tana fitar da ayarinta. Duk shekara kuma ana zaɓen janar-janar 10 ta hanyar ƙuri'a. Ku ji fa, zaɓe! In yaƙi ya taso, sai a rubuta sunaye a kafa a dandalin kasuwa. Duk namiji daga shekara 18 zuwa 60 yana iya ganin sunansa. In ka gani, sai ka ɗauko makamanka da guzurin kwana 3 ka hallara.

A filin daga, sahu-sahu suke jeruwa, galibi layi 8, kafaɗa da kafaɗa. Garkuwa tana hannun hagu, don haka rabinta kai take karewa, rabin kuma na maƙwabcinka na hagu. Ɓangarenka na dama amana ne a hannun wanda ke damanka. Tukididis ma ya lura cewa runduna takan riƙa karkata dama tana tafiya, saboda kowa na neman fakewa a garkuwar ɗan'uwansa. Shi ya sa yar da garkuwa a gudu ya zama babban abin kunya: ba kanka kaɗai ka tona wa asiri ba. Da irin wannan sahu Atinawa wajen 10,000 suka karya rundunar Farisa a Maraton a shekarar 490.

To talaka fa? Nan labarin ya yi daɗi. A shekarar 483 an ci karo da azurfa mai yawa a ma'adinan Lauriyon. Wasu suka ce a raba wa 'yan gari, Temistokilis ya shawo kansu aka ƙera jiragen yaƙi. Kowane jirgi na ɗaukar mutum 200, kuma 170 daga ciki masu tuƙi ne da filafili. Tuƙi ba ya bukatar sulke, ƙarfin damtse yake so. Attajiri kuma a ɗora masa nauyin kula da jirgi guda na tsawon shekara. Da waɗannan jirage aka ci Farisawa a Salamis a 480. Daga nan talakan Atina ya samu bakin magana a majalisa, don wanda ya ceci gari da guminsa ba a ce masa ya yi shiru.

Yanzu mu leƙa Sparta, inda abin ya sha bamban. A can yaro yana kai shekara 7 za a raba shi da gida a kai shi horo. Yana kai 20 sai ya nemi shiga ƙungiyar cin abinci ta mutum wajen 15, waɗanda tare za su ci, tare za su yi yaƙi. Ba ya noma, ba ya fatauci. Wa ke ciyar da shi? Helot, wato mutanen da aka ci da yaƙi, musamman na yankin Mesiniya, aka ɗaure su da gona. Suna tafiya fagen fama a natse, ana busa musu sarewa don kada sahu ya karye.

Amma akwai tarko a cikin tsarin. Kowane wata sai ka kai wa ƙungiyarka sha'ir, giya, cuku da ɓaure daga gonarka. Ranar da ka kasa, ka fita daga sahun cikakkun 'yan ƙasa. Gonaki kuwa sai taruwa suke a hannun tsiraru. Ku duba lissafin: a yaƙin Filatiya na 479, Hirodotus ya ce cikakkun Spartawa 5,000 suka fita. A yaƙin Liyuktira na 371, Zinofon ya ce 700 ne kawai a filin, kuma kusan 400 suka kwanta dama. Efaminondas na Tibis ya jera ɓangarensa na hagu layi 50, ya afka wa inda sarkin Sparta yake tsaye. Bayan nan aka 'yantar da Mesiniya, kuma Sparta ba ta sake komawa yadda take ba. Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Daga baya yaƙe-yaƙe suka yi tsawo, manomi ba zai iya barin gona shekara guda ba, sai sojan haya ya yi kasuwa. A 401 Girkawa fiye da 10,000 suka bi yariman Farisa Sairus don kuɗi. Ƙarshe Filibus na Makidoniya ya kafa rundunar dindindin mai albashi da masu na kusan mita 5, ya murƙushe Atina da Tibis a Keroniya a 338.

Ni abin da na ɗauka a nan, jama'a, shi ne tsarin soja madubin gari ne. Atina ta buɗe ƙofa ga talaka saboda tana bukatar hannunsa, Sparta ta ƙuntata tata ƙofar har ta rasa masu riƙe mata garkuwa. Ku faɗa min ra'ayinku: in da a zamanin kuka rayu, wane birni za ku zaɓa?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.