Mai Wuta da Masu Sa Farashin Wuta: Wani Tarihi Daga Amurka

Ƙasar Amurka tana da jihohi 50. Yawancin mutane a can suna sayen wutar lantarki ne daga kamfanonin ƴan kasuwa, ba na gwamnati ba. Gari guda, kamfani guda. In ya tsananta farashi, babu wani wurin da talaka zai je ya sayi wuta. Don haka kusan kowace jiha ta kafa hukumar da ke yanke kuɗin da kamfani zai karɓa. A mafi yawan jihohi gwamna ke naɗa mutanen hukumar, a kamar jihohi goma kuma jama'a ke zaɓensu da ƙuri'a.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa neman a kafa irin wannan hukuma mai kamfanin wuta ne. Sunansa Samuel Insull. An haife shi a Landan a 1859. A 1881 ya ƙetara Amurka, ya zama magatakardan Thomas Edison. A 1892 ya koma birnin Shikago, cikin jihar Ilinoy, ya kama shugabancin kamfanin wuta na garin. A 1898 ya tsaya gaban taron masu kamfanonin wuta, ya ba su shawara su yarda gwamnatin jiha ta riƙa yanke musu farashi. Dabararsa ita ce, in hukuma na sa ido, za a bar masa gari shi kaɗai, kuma birni ba zai kafa kamfanin wuta na kansa ba.

A faɗi gaskiya, mutumen ya yi aiki. Ya gina manyan injuna, ya rage kuɗin wuta, har gidajen talakawa suka samu fitila. Amma duk wanda arzikinsa ke hannun alƙali, idonsa na kan alƙalin.

A 1926 shugaban hukumar farashi ta Ilinoy, Frank Smith, ya tsaya takarar majalisar dattawa ta ƙasa. Bai sauka daga kujerarsa ba lokacin da yake neman tsayawa a jam'iyyarsa. Insull ya ba shi dalar Amurka 125,000 don yaƙin zaɓe. Ba dalarmu ta kasuwa nake nufi ba, kuɗi ne masu ɗimbin yawa a wancan zamani. Ku duba da kyau. Wanda ke yanke wa kamfani farashi, shi ne ya miƙa hannu ya karɓa daga mai kamfanin. Smith ya ci zaɓe, amma majalisa ta kafa kwamitin bincike, magana ta fito fili. A watan Janairu na 1928 dattawa suka jefa ƙuri'a, suka hana shi kujerar.

A shekarar nan gwamnatin tarayya ta soma binciken kamfanonin wuta gaba ɗaya, aka yi shekaru bakwai ana yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni da aikina koyar da karatu ne, shi ne abin da aka tono game da makarantu. Kamfanonin sun sa an duba littattafan yara, suka matsa a gyara wuraren da ba su yi musu daɗi ba. Sun biya waɗansu malaman jami'a, sun rarraba ƙasidu cikin azuzuwa, duk don a nuna wa yaro tun yana ƙarami cewa wutar gwamnati ba ta da kyau. Wato ba su tsaya ga ƙuri'ar uba ba, sai da suka bi ɗansa makaranta.

Daular Insull ta rushe a 1932. Ya gina kamfani bisa kamfani, duk kan bashi, da kasuwa ta faɗi sai dubban ɗaruruwan mutane suka yi asarar ajiyarsu. Ya gudu Girka, aka kama shi a Turkiya a 1934, aka maido shi. Kotu ta wanke shi. Ya mutu a 1938, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta birnin Pari. A 1935 an yi doka da ta karya irin waɗannan manyan kamfanoni, an soke ta a 2005.

Halin bai mutu da Insull ba. A jihar Ohayo, kamfanin FirstEnergy ya zuba kimanin dalar Amurka miliyan 60 cikin wata ƙungiya ta Larry Householder. Da kuɗin aka taimaki ƴan takararsa a zaɓen 2018, suka ci, suka ɗora shi shugaban majalisar jiha. A 2019 majalisar ta yi dokar da ta ƙara wa kowane gida kuɗi a takardar wuta, don a ceto tashoshin nukiliya biyu da fiye da dala biliyan guda. An kama shi a 2020. Kamfanin ya amsa laifi, ya biya tarar dala miliyan 230 a 2021. A 2023 aka yanke wa Householder shekara 20 a gidan kaso.

A jihar Jojiya kuwa, inda jama'a ke zaɓen hukumar da kansu, an yi ta ƙara kuɗin wuta shekara bayan shekara. A watan Nuwamba na 2025 mutane biyu daga cikin biyar na hukumar suka tsaya takara don su riƙe kujerunsu. Duka biyun suka faɗi da rata mai yawa.