Kalmar "Da" a Kan Allon Wasa: Bahasi Kan Maimaita Kakar Wasan da Ta Shuɗe

Gabatarwa

A wani shagon gem da ke lungun Nyanya ta Abuja, inda janareto ke ruri a bakin ƙofa, samari kuma suna jere a benci kowa na jiran layinsa, na taɓa ganin yara biyu, waɗanda ko iyayensu ba su yi aure ba a 1994, sun ɓata rabin sa'a suna gyara sunaye a cikin na'urar PlayStation, har sai da suka tayar da 'yan ƙwallon Najeriya na wannan shekara, da Rashidi Yekini da Amokachi da Okocha, suka tsayar da su gaban Italiya. Wasan asali, na gasar cin kofin duniya, kowa ya san yadda ya ƙare a filin Foxboro ranar 5 ga Yuli: Amunike ya ci da wuri, rauni ya fitar da shi da Amokachi, aka kori Zola na Italiya, sannan Roberto Baggio ya farke saura minti biyu a tashi, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. A shagon kuwa Najeriya ce ta yi nasara, mai shagon ya dafa kai ya ce, "Ai da haka aka yi, da yanzu wani zancen ake."

Wannan ƙaramar kalma ta "da" ita ce abin bahasinmu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, maimaita wasan da ya wuce, idan an gina shi bisa rubutaccen tarihi, wani nau'i ne na ƙiyasi wanda ke rage wa mai yinsa da-na-sani, kuma yana tona mana wani gibi a sha'anin adana tarihinmu.

Inda fannin ya yi ƙarfi

Amurkawa ne suka kai wannan sha'ani matuƙa, a wasansu na bezbol, wanda aka taɓa bugawa a nan Abuja cikin gasar wasannin Afirka ta 2003, Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare. Bezbol wasa ne mai gaɓa-gaɓa: mai jifa ya jefa, mai kulki ya doka ko ya kuskure, a rubuta abin da ya faru, sannan wani ya shigo; saboda haka tun ƙarni na 19, zamanin Henry Chadwick wanda ya tsara jadawalin ƙididdigar wasa a jaridu, babu wani motsi mai muhimmanci da ba shi da gurbi a takarda. A kan wannan taska Dick Seitz ya fitar da wasan APBA a 1951, Hal Richman kuma ya fitar da Strat-O-Matic a 1961.

Ga yadda na biyun yake. Kowane ɗan wasa yana da katinsa, wanda aka ƙera daga abin da ya aikata a wata shekara ayyananniya. Mai wasa zai jefa 'ya'yan lido uku: guda ɗaya shi ke nuna katin da za a duba, daga 1 zuwa 3 na mai kulki, daga 4 zuwa 6 na mai jifa; sauran biyun kuwa a haɗa su, jimlarsu daga 2 zuwa 12 ta nuna layin da hukunci yake. Da yake 7 tana da hanyoyin fitowa 6 cikin 36, alhali 2 hanya ɗaya tak gare ta, sai maƙerin katin ya ajiye kyakkyawan sakamako a layuka masu yawan fitowa ga gwanin da ya cancanta, ya tura na rago can gefe. Akwai mutanen da ke zama a teburin ɗakinsu su buga wasanni 162 na ƙungiya guda, ɗaya bayan ɗaya, suna rubutawa, tsawon shekara ko fiye. Daga baya kwamfuta ta sauƙaƙa aikin da manhajoji irin su Out of the Park Baseball, wadda ta fito a 1999.

Kakar da ba a kammala ba ita ta fi jan hankalinsu. Yajin aikin 'yan wasa ya tsayar da ta 1994 a watan Agusta, a lokacin da Montreal Expos ke kan gaba da nasara 74 da faɗuwa 40, aka soke gasar ƙarshe, kuma ƙungiyar ta bar birnin bayan shekaru goma ba ta taɓa ɗaukar kambun ba. Mu ma muna da irin wannan tabo, domin gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana 'yan ƙwallonmu, zakarun Afirka, zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a 1996, aka kuma haramta musu gasar 1998, a daidai shekarun da suka ɗauko zinaren Olamfik na Atlanta.

"Da" iri biyu ce

Mai karatu zai iya kawo suka mai ƙarfi, ya ce hadisin Abu Huraira da Imamu Muslim ya ruwaito ya hana mumini, idan masifa ta same shi, ya riƙa cewa da ya yi kaza da kaza ba ta auku ba, domin wannan kalma tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Bahaushe ma ya ce da-na-sani ƙeya ce. To, mene ne maimaita kakar wasa in ba ƙofar nan aka wangale ba?

Amsa ita ce malamai sun rarrabe. Imamu Bukhari ya ƙulla babi a Sahihinsa kan abin da ya halatta na wannan kalma, kuma abin zargi shi ne "da" ta mai jayayya da ƙaddara, wanda ya yanke cewa dabararsa ce kaɗai ta rage a tunkuɗe abin da aka rubuta. Akwai wata "da" ta mai neman illar hukunci, wadda malaman Kufa suka shahara da ita wajen ƙaddara mas'alolin da ba su faru ba tukuna. An ruwaito cewa da Asad bin Furat ya yawaita wa Imamu Malik irin waɗannan tambayoyi, sai ya nuna masa hanyar Iraƙi. Amma abin lura, tambayoyin da Asad ya dawo da su ya gabatar wa Ibnul Ƙasim su ne suka zama tushen Mudawwanar Sahnun, wadda mazhabarmu ke jingina da ita har yau.

Mai shagon Nyanya yana kan ta farko, saboda wasa ɗaya ya gani ya yanke hukunci. Mai maimaita kaka da kati kuwa, in ya yi haƙuri ya sake ta sau ashirin, zai ga ƙungiyar da ya rantse za ta ci kofi ta ci a wasu, ta faɗi a wasu, ba tare da an sauya ko harafi ɗaya a katunan ba. A nan ne yaƙininsa ke komawa zato mai rinjaye, ya gane cewa ƙwarewa tana ƙara rabo ne kawai, ba ta lamunce sakamako. Wanda kuwa ya fahimci haka ya fi kusa da sallama wa ƙaddara fiye da wanda ya shekara talatin yana tsine wa mai tsaron baya ɗaya. Hukuncin 'ya'yan lido kansu, wanda Risalar Ibn Abi Zaid ta tsananta a kai game da wasan nardu, da kuma shagunan caca da suka cika Abuja suna sayar da wasannin bogi na kwamfuta, mas'ala ce ta daban da ke hannun malaman fiƙihu. Maganarmu a kan wasan da ba a zuba kuɗi a cikinsa take.

Iyakar kati

Sai dai kati ba ya sanin abin da ba a rubuta ba. Bai san zafin rana ba, bai san rigimar alawus a masauki ba, bai san tsoron da ke kama ƙafar matashi a minti na 88 ba. Mafi muni, bai san mutumin da marubuta suka ƙi rubutawa ba. Baƙaƙen Amurka, waɗanda aka hana shiga manyan gasanni har Jackie Robinson ya karya shingen a 1947, sun yi nasu gasannin shekara da shekaru, amma sai da masu bincike suka bi tsofaffin jaridun baƙar fata shafi-shafi, tamkar masu tattara isnadi, kafin a iya auna su. Da aka haɗa ƙididdigarsu da ta sauran a 2024, sai ga Josh Gibson ya hau kan Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa dacewar duka a tarihi. Gwanintar tana nan tun fil azal, shaidar ce ta makara.

Kammalawa

A nan ne mas'alar ta dawo gida. Yaran Nyanya sun iya tayar da Yekini ne saboda duniya ta rubuta shi, ko da yake ƙarfin da suka ba shi a na'ura ƙirƙirarsu ce, ba ƙididdiga ba. Amma wanda ya so maimaita shekarar da Kano ta ɗauki kofin Gwamna a 1953, ko kakar Mighty Jets ta Jos a 1972, ko ta Raccah Rovers a 1978, ko ma ta Kano Pillars a 2008, da me zai ƙera katinsa? Dole ya koma ga kundayen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da Laburaren Ƙasa na Abuja, da bakin tsofaffin 'yan wasan da suka rage, ya tace riwaya ingantacciya daga mai rauni kamar yadda aka koya mana a wani fannin da ya fi wannan daraja. Aiki ne da ya dace da sassan tarihi da na lissafi a jami'o'inmu, kuma jinkirinsa yana da tsada, domin takardar jarida tana ruɓewa, tsofaffin kuma kullum raguwa suke yi.